Ranar da Na Yanke wa Malama Marlys Awarwaro

Almakashin da nake yanke wa mutane awarwaro da shi Marlys Haugen ce ta saya, shekara goma sha tara da suka wuce, kuma har yau sunanta na jiki. Awarwaron na takarda ne, irin wanda ake ɗaura wa majinyaci a asibiti. Duk wanda zai shiga fagenmu na Opsahl da motarsa sai mun ɗaura masa da safe: kore na sababbi, shuɗi na waɗanda suka ɗan goge, ja na malamai. In na yanke maka, ka gama tuƙi, sai dai ka nemi kujera ka kalli na wasu. Ni ne mai zama ƙarƙashin laima a bakin hanya, wanda ake turo wa duk wanda motarsa ta yi katantanwa ko ta faɗa ciyawa. Sunana Curtis Dahlke, gyaran famfo ne sana'ata daga Litinin zuwa Juma'a, kuma an ce ba ni da fara'a. Ban taɓa musawa ba.

Mu ba 'yan tsere ba ne, babu na ɗaya babu na biyu. Tsohon filin jirgi ne a tsakiyar gonar Lyle Opsahl, masara ta gabas, waken suya ta yamma, hanya mai kwana-kwana har goma sha ɗaya, da miƙaƙƙiya guda wadda ta fi rabin mil. Asabar biyu a wata, daga Mayu har sanyi ya kore mu, likitan haƙori da mai sayar da taki da irina mukan zo da motocinmu, mu sa hular kwano, mu taka totur yadda ɗan sanda ba zai bari a titi ba. Sabon shiga ba ya tuƙi shi kaɗai. Sai malami ya zauna a kujerar dama yana gaya masa inda zai kalla da inda zai taka. Wannan kujerar ita ce ta Marlys shekara ashirin da shida, kuma a yammacin Minnesota kaf ban san wanda ya fi ta iya zama a kanta ba.

A ranakun aiki kuwa, kafin ta yi ritaya, motar 'yan makaranta ta ja, doguwar nan ruwan ɗorawa, shekara talatin da ɗaya. Ina ɗan shekara takwas ta fara ɗaukata a bakin gidanmu. A can ƙarshen mota nake zama ina addabar jama'a, shi ya sa ta sa mini suna ɗan baya, kuma yanzu da furfura a gemuna ba ta canja ba. Duk shekarun nan na dusar ƙanƙara da santsi ba ta taɓa jefa motar a rami ba. Kullum da asuba kafin ta fita gareji sai ta taka birki sau uku, ko da kuwa jiya da yamma ita ta ajiye motar lafiya lau.

Zuwanta fagen ma mijinta ne sanadi. Orlin Haugen makanikin taraktoci ne, mutum mai shiru, ya sayi wata 'yar ƙaramar mota ja mai kujera biyu da niyyar shi zai yi wasan. Zagaye huɗu ya yi ya fito yana layi, ya amayar da karin kumallonsa a gindin shinge. Marlys ta ce tunda an biya kuɗin shiga ba za a yi asara ba, ta karɓi hular, ta shiga. Daga ranar aka raba aiki: ita ta tuƙa, shi ya gyara. Yakan zauna kan kujerar naɗewa da butar kofi a gefe, in ta wuce ya ɗaga yatsa ɗaya, iyakar tafinsa ke nan.

Abu biyu take koyarwa kafin komai, kuma ba ta gajiya da maimaita su. Na farko, a miƙaƙƙiyar hanya, tun kafin ka isa inda za ka taka birki, ka ɗan taɓa shi da ƙafa ka ji ko yana nan. Ta kira wannan ƙwanƙwasa ƙofa.

"Kana shiga gidan mutane haka kawai?" takan tambayi ɗalibi. "A'a, sai ka ƙwanƙwasa ka ji ko suna ciki. To birki ma yakan yi tafiya bai gaya maka ba. Gara ka ji babu kowa tun kana da sauran hanya."

Na biyu, in mota ta kwace ta fara juyawa kuma ka ga ba ta dawowa, ka daina kokawa da sitiyari, ka danna ƙafa biyu ciki, hagu a kan kuloci, dama a kan birki, kada ka saki har ta tsaya cik. Wanda ya saki da wuri shi ne motarsa ke gangarowa da baya ta tare wa masu zuwa hanya.

"Ƙafa nawa Allah ya ba ka?"

"Biyu, Malama."

"To kada ka yi mini rowar ɗaya."

Sannan ga kofin takarda. Duk safiya a layin dubawa Marlys na bin motocin sababbi da farin kofi, a buɗe mata bonet, ta zuƙo ɗigon man birki ta zuba ta ɗaga wa rana. In ya yi kalar shayi marar kauri, ka wuce. In ya yi kalar baƙin kofin da ake sha a coci ranar Lahadi, ka koma gida. Tsohon mai yana shan ruwa daga iska, ruwa kuwa in birki ya ɗau zafi tafasa yake, kuma in ya tafasa ka taka, ƙafarka za ta tafi har ƙasa kamar ka taka soso. Na ga manyan mutane masu motocin da suka fi gidana tsada suna yi mata magiya, tana kallonsu ta saman tabarau ko gezau.

Akwai takardar da kowa ke sa wa hannu kafin ya shiga, a ciki akwai layin da ya ce an juye man birki cikin wata shida da suka wuce, a rubuta ranar. Shekara goma sha tara baya wani mutum ya rubuta ƙarya a layin nan, birkinsa ya shanye, ya daki motar da ke gabansa, ya karya wa matar da ke ciki ƙafa. A ranar Marlys ta juya farantin takarda da ta gama cin abinci a kai ta rubuta doka a bayansa: wanda ya sa hannu a kan ƙarya an yanke masa awarwaro shekara guda cur, ko waye shi. Washegari ta sayo almakashi. Amma malamai ba sa shiga layin dubawa. Su ke duba motarsu da kansu, su cike takarda su miƙo mini, in sa hannu a ƙasa ba tare da na leƙa ba. Girmamawa ce, haka muka gada, kuma babu wanda ya taɓa tunanin ya nemi Marlys Haugen ta buɗe bonet.

Juye man birki aikin mutum biyu ne, aƙalla yadda Orlin ke yinsa. Ɗaya na kan kujera yana danna birki, ɗaya na kwance a gindin taya da sifana da kwalba, yana buɗe noti yana rufewa. Kowace Afrilu, da zarar ƙanƙara ta narke daga bakin garejinsu, sai su yi, su sake yi a tsakiyar bazara in ya ga dama. Na taɓa zuwa aron jak na same su. Yana ƙasa yana cewa, "Danna. Danna. Riƙe." Ita tana sama da jarida a cinya tana cewa, "Na riƙe." Ya ce, "Saki." Haka har tayoyi huɗu, ba wata hira. In sun gama sai ya yago farin tef, ya rubuta kwanan wata da biro, ya manna a murfin man.

Orlin ya faɗi a watan Fabrairu yana kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar gida, kafin motar asibiti ta iso ya cika. Mun je coci, mun sauka ɗakin ƙasa mun ci burodi da nama da tukunyar dankali da matan unguwa suka dafo. Kowa ya riƙe hannun Marlys ya ce, "In kina buƙatar wani abu ki kira." Ni ma haka na ce. A wajenmu kowa na faɗar wannan da zuciya ɗaya, kuma kowa ya san ba za a kira ba. Mutanenmu sun gwammace rufin gida ya faɗo musu a ka da su ce wa maƙwabci zo ka riƙe mini tsani. 'Ya'yanta biyu suna nesa, ɗaya a Arizona, ɗaya a Oregon. Abin da ya rage mata wanda ke fito da ita daga gida shi ne Asabar ɗin nan biyu da kujerar dama, kuma duk mun sani.

Asabar ta farko a Mayu ta zo da kujerar naɗewar Orlin a bayan mota, ba ta sauke ta ba. Ta miƙo mini takarda. Na ga ta rubuta sha biyu ga Afrilun bana. Wallahi a take abin ya zo mini a rai: waye ya kwanta mata a gindin taya? Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa an ce za a yi ruwa da yamma. Ta ce haka ta ji a rediyo. Na sa hannu, na ɗaura mata ja. Haka na yi a Mayu, haka na yi a Yuni, kuma wannan laifina ne, ba na raba shi da kowa.

Ranar da abin ya faru Asabar ce ta biyu a Yuli, zafi kamar a gasa gurasa a kan kwalta. Ɗalibarta ranar wata ma'aikaciyar jinya ce daga Saint Paul, Pakou Vang, 'yar shekara arba'in da wani abu, zuwanta na biyu ke nan. Bayan abincin rana malamai kan ɗauki ɗalibansu a motarsu su nuna musu yadda ake bin hanya. Marlys ta ɗauki Pakou a jar motar. Zagaye biyar suka yi lafiya. A na shida suka fito miƙaƙƙiyar hanya, wadda ke ƙarewa a kwana ta biyar. Bayan kwanar akwai ɗan guntun tsohon kwalta, sai ciyawa, sai katangar tsofaffin tayoyi, bayanta kuma ramin ruwan gonar Lyle.

Ina ƙarƙashin laima, abin da na gani kaɗan ne: fitilar birki ta kama a daidai rumbun Lyle inda take ƙwanƙwasa ƙofa kullum, ta mutu, ta sake kamawa, ta yi ta kiftawa da sauri. Sai na ji inji ya yi kuka, giya ta sauka. Na miƙe tsaye. Sauran Pakou ce ta ba ni labari.

Ta ce suna kan mil ɗari da biyar Malama ta ce, da muryar da ake cewa miƙo gishiri, "Birki babu. Riƙe bel ɗinki da hannu biyu, kada ki taɓa komai."

Pakou ta ce, "Me kika ce?"

"Kin ji ni. Kalli abin da nake yi."

Ta ɗauke ƙafa daga totur, ta yi ta danna birki da sauri da sauri ko zai ɗan kama, ya ɗan kama kaɗan ya sake tafiya. Ta sauko giya ta huɗu, ta jira inji ya ja motar, ta sauko ta uku. Ta ɗan ɗaga birkin hannu a hankali, yatsanta a kan maɓalli. Duk da haka gudun ya fi ƙarfin kwanar, kuma guntun kwaltan ba zai ishe su su tsaya a miƙe ba.

"Za mu yi katantanwa," in ji Marlys. "Ni zan sa ta. Kada ki ji tsoro."

Tun suna kan kwalta, kafin tayoyi su taɓa ciyawa inda za su iya kafewa motar ta kife, ta fizgi sitiyari ta ja birkin hannu gaba ɗaya. Motar ta ba da gefe, ta juya. Marlys ta danna ƙafa biyu ciki. Suka juya sau ɗaya, sau biyu, tayoyi na ihu hayaƙi na tashi, suka zame cikin ciyawa da baya suka tsaya. Daga baya Lyle ya auna da ƙafarsa: taku huɗu tsakanin bayan motar da katangar tayoyi. Pakou ta kai hannu za ta kwance bel, Marlys ta buge hannun.

"Zauna. Ba a fita sai mai tutar da ke tsaron kwana ya ce. Yanzu gaya mini, me na fara yi?"

Pakou ta ce ta amsa, "Kin ƙwanƙwasa ƙofa."

"Da ban ƙwanƙwasa ba fa?"

"Da muna cikin ramin."

"To kin koyi na yau."

Da aka jawo motar, mutane suka yi layi suna tafi. Likitan haƙori har da fito. Ni ma zuciyata ta cika, don abin da ta yi a daƙiƙa shida ɗin nan ban san mutum uku da za su iya ba. Amma al'ada al'ada ce: duk wanda ya yi katantanwa sai ya zo ƙarƙashin laima ya faɗa da bakinsa abin da ya faru da abin da ya jawo. Na sha jin tatsuniyoyi a wurin nan. Wani ya ce tsuntsu ne ya gilma, wani ya ce mai aka zubar a hanya wanda shi kaɗai ya gani, wani ya ce iska. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce ni ne ban iya ba.

Marlys ta zo da hula a hannu, gashinta fari ya manne da gumi. Ta tsaya a inda ɗalibai ke tsayawa.

Na ce, "Malama, zauna mana, ga kujera."

"Yi tambayarka, ɗan baya."

"Me ya faru?"

"Man birki ya tafasa a ƙarshen miƙaƙƙiya."

Tambaya ta biyu ita ce me ya sa, kuma ban so yinta ba. Na ce, "Zafin yau ai ya isa. Ga nauyin mutum biyu. Ko tiyo ne ya kumbura, tsohuwar mota ce. In rubuta tiyo?"

Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da take yi mini ta madubin motar makaranta. "Curtis," ta ce, kuma in ta kira ni da sunan yanka to babu wasa, "ni na koya maka wannan aikin. Haka na koya maka, ka riƙa ba mutane amsa a baki?"

Ta juya ta tafi wajen motar, na bi ta. Ta buɗe bonet da kanta a gaban kowa, ta ciro kofin takarda daga aljihu, ta zuƙo ɗigo ta zuba ta miƙo mini. Baƙi ƙirin. A kan murfin ga farin tef ya yi dauɗa, ga rubutun Orlin mai tsaye kamar turakun shinge: sha biyu ga Afrilu, amma na bara. Wata goma sha biyar, da bazara guda cur ta gudu a kansa.

"Ranar gaskiya ce," ta ce. "Shekarar ce na canja."

Tafi ya mutu. Mutane suka fara kallon takalmansu.

Na ce a hankali, "Me ya hana ki kira ni? Minti ashirin ne daga gidana."

"Na ɗauki waya sau biyu. Na shiga garejin a Afrilu na zauna a kujera, na danna birki, na ce na riƙe. Sai na ji ba wanda zai ce saki. Na fito na rufe ƙofa. Kuma in wani ya zo zai ɓare tef ɗin ya manna nasa." Ta share hanci da bayan hannu. "Ba hujja ba ce. Na ɗauki 'yar mutane a mota a kan ƙarya. Ina almakashin?"

Na ce mata shekara sittin da tara gare ta, shekara guda a wajenta ba kamar ta ɗan talatin ba ce. Na ce kwamitin fagen zai iya zama ya duba. Likitan haƙori ya sa baki ya ce ai ba wanda ya ji ciwo, Lyle ya ce shi filinsa ne kuma shi bai ga komai ba. Pakou ma, wadda ita ce ta kusa shiga rami, ta ce ita ta yafe.

"Na gode, 'yata, amma ba ke kika rubuta dokar ba," in ji Marlys. Ta miƙo mini hannu. "Mutumin da muka kora shekara goma sha takwas baya shi ma yana da dalili, matarsa na asibiti a lokacin. Na saurare shi? Yanke, ɗan baya, rana na dukana."

Na yanke. A shekarun nan na yanke wa mutane fiye da talatin kuma wasu da daɗi na yi, amma ranar na ji haushin almakashin, na ji haushin dokar, na fi jin haushin kaina da maganar ruwan sama. Da ta tafi na ɗauko duk takardunta masu sa hannuna a ƙasa na kai wa kwamiti, na ce su duba nawa laifin. Suka dakatar da ni Asabar biyu, abin da bai kai ko rabin abin da ya dace ba. A zaman nan kuma aka soke tsohuwar girmamawa: malami ko ba malami ba, kowa ya shiga layi ya buɗe bonet.

Na zaci ba za mu ƙara ganinta ba. Asabar ta gaba sai ga ta a motar cefane, ta ce ta karanta dokar, tunda ita ta rubuta, kuma tuƙi da koyarwa aka hana, ba a hana riƙe tuta ba. Ta nemi kwana ta biyar. Can ta tsaya sauran bazarar cikin rana da farar riga, tana kallon fitilun birkin mutane a daidai rumbun Lyle. Da yamma takan zo ta ba ni sunayen waɗanda ba su ƙwanƙwasa ƙofa ba, in je in yi musu faɗan da ita ba ta da izinin yi. Ta rame a shekarar. Wata rana na gan ta ta tsaya kusa da motar wani sabon ɗalibi ta ɗora hannu a ƙofar dama, sai ta ɗauke ta wuce.

Da Afrilu ta zagayo ban jira waya ba. Na zuba sifana da kwalba da sabon mai a mota na tafi gidanta ranar sha biyu ga wata. Ta buɗe ƙofa da rigar sanyi.

"Famfona lafiya lau yake. Wa ya kira ka?"

"Ba kowa. Buɗe gareji."

"Ka ci abinci?"

"Malama, buɗe gareji."

Jar motar na nan yadda aka jawo ta, busasshiyar ciyawar Lyle har yanzu a maƙale a ƙasanta. Na ɗaga ta a jak na cire tayoyi, na kwanta a kan kwalin da Orlin ke kwanciya, wanda ba ta jefar ba. Ta shiga ta zauna. Na ce, "Danna. Danna. Riƙe." Ina kallon ƙafar kujera ta ƙarƙashi, ina jira. Can ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Na riƙe." Na buɗe noti, baƙin mai ya tsiyaye cikin kwalba, na rufe. Na ce, "Saki." Muka bi tayoyi huɗu har mai ya fara fitowa garau. A taya ta uku ta ce ina da nawa, Orlin da tuni ya gama, kuma na san a lokacin ta dawo daidai.

Na yago sabon tef na tsaya da shi a hannu, ban san inda zan sa ba. Ta zo ta sa farce ta ɓare na Orlin a hankali don kada ya yage, ta shiga mota ta manna shi a jikin gilashin da ke nuna gudu, inda idonta zai riƙa faɗawa a miƙaƙƙiyar hanya. Ta miƙo mini biro.

"Rubuta yadda za a iya karantawa. Har da shekara."

Shekararta ta cika Asabar ta biyu a Yuli. Ƙarfe bakwai na safe na zo na same ta a layin dubawa, ita ce ta tara daga gaba, tsakanin wani saurayi mai sabuwar mota da wata mata da ba ta san inda ake buɗe bonet ba, tana nuna mata. Da layi ya iso kanta na ce ta wuce, ai ni na juye man da hannuna.

"Wannan bakin naka shi ya kai mu inda ya kai mu," ta ce. "Ɗauko kofi."

Na zuƙo na ɗaga wa rana. Kalar shayi marar kauri. Na sa hannu, na ɗauko jan awarwaro, ta miƙo hannun nan dai, na ɗaura. A bayana wani ya yi gyaran murya. Pakou Vang ce, hula a hannu, koren awarwaronta na sababbi har yanzu. Tun bara an ce ta isa ta tuƙa ita kaɗai, an ba ta wasu malamai su gwada ta su sa mata hannu, ta ce a bar shi, akwai wadda take jira.

Marlys ta dube ta daga sama har ƙasa. Idonta ya kawo ruwa, ba ta ɓoye ba.

"Yaushe kika juye man birkinki?"

"Watan jiya, Malama."

"Da wa?"

"Na kira maƙwabcina."

"Kin fi ni hankali," in ji Marlys. Ta buɗe ƙofar dama ta shiga ta ja bel.